Ɗan Lantana da Hasken da Ya Ɓace

Talata, 2 ga Maris 1982, bayan la'asar

Alhamdu lillahi. Ɗan Lantana ya sauka daga Faransa yau, ranar kasuwa, Mafara cike maƙil, kowa ya gani da idonsa. Ina shago ina naɗa koyil ɗin famfon wani mutumin Bakura sai ga tasi ta tsaya, ya fito da akwati ɗaya. Bai aiko ba. Na ce a raina, yaro mai hankali ke nan, ba ya son a wahala da tarya.

Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon koyil, yadda ya kamata. Ɗana ne na fari, kuma sunan mahaifina ya ci, don haka bakina bai taɓa kiran sunansa ba, alƙalamina ma ba zai fara ba. Yayata Lantana ce ta ɗauke shi bayan yaye ta riƙe a Maradun, shi ya sa nake ce masa ɗanta. Amma a nan da babu mai leƙe zan faɗa: ni Bawa, da na bar makaranta a aji uku, na fara gyaran rediyo a gindin darbejiya, na koyi injin famfo wajen Turawan dam da ido kawai, yau ga Dakta kwance a ɗakin zaurena.

Na sa an kama rago.

Laraba, 3 ga Maris, bayan azahar

An ci rago, mutane har daga Dosara. Shi bai fito ba. Uwarsa Kubura ta ce gajiyar jirgi ce. Ita ma ba ta iya shiga ta tambaye shi, kunyarta ta fi tawa. Kwanon da aka kai masa ya dawo a rufe.

A majalisa na gaya musu da bakina, Dakta ne na ilmin haske. Maiwada mai sayar da taki ya ce, "Madalla, Alhaji. Ina takardar, mu sa albarka?" Na ce takardar Turai ba a cusa ta a aljihu kamar goro.

Juma'a, 5 ga Maris, da yamma

Gajiyar jirgi ba ta kai haka.

Lahadi, 7 ga Maris, da hantsi

Wata tsohuwa ta zo daga Jangebe da yanar ido, wai ta ji Daktan haske ya zo. Bayanta mutum biyu, ɗaya da haƙori. Na sallame su da kaina, na ce Dakta yana hutawa. Tagar ɗakin zaure a buɗe take sa'ad da nake faɗa. Da na waiwaya an rufe ta.

Na tayar da famfo biyu yau. Babu injin da ya gagare ni.

Na aika a ɗauko Lantana.

Talata, 9 ga Maris, bayan magariba

Ta zo da buhun audugarta da mazarinta, ta shiga wajensa ba sallamar kirki, ta daɗe. Da ta fito ta same ni a tsakar gida ta ce, "Bawa, wa yac ce maka ka yanka rago?"

Na ce ragona ne.

Ta ce, "To ka yanka shi ga banza. Bai ƙare ba. Barowa yay yi. Wai ya ga wani abu cikin aikinsa, ya ce ya gani, sunka zo dubi, babu. An dai ce gurbinsa na nan har ƙarshen watan Afrilu, in bai koma ba a ba wani. Shi kuwa ya ce ƙahwarsa ta bar can ke nan."

Na tambaye ta me suka ce masa. Ta ce bai faɗa ba, amma duk abin da ya hana ɗanta cin tuwon dawa da miyar sure ba ƙarami ba ne.

Na je na wanke hannuna, ko da yake a wanke suke.

Laraba, 10 ga Maris, da rana

Bakura. Alkama ta yi kyau a gefen babbar kwata. Na gyara injin ban-ruwa ɗaya. Babu injin da ya gagare ni.

Alhamis, 11 ga Maris, da safe

Ruwan dam ya ci gonar mahaifina, na haƙura. Abin da ya faru da manoma a bakin dam ɗin shekara biyu da suka wuce, wanda ba na rubutawa, shi ma na haɗiye. Wannan ba zan haɗiye ba. Injin da ya tsaya, buɗe shi ake a duba. To yaya mutum zai buɗe ɗansa na fari? Umarni na sha ba shi. Hira kuwa ban taɓa zama mun yi ba.

Asabar, 13 ga Maris, bayan la'asar

Na samo dabara. Na sa Lantana ta shimfiɗa tabarma a zaure ta kira shi ya riƙe mata auduga. Ni kuma na shigo da wata rediyo kamar mai neman inuwa, na zauna na ba su gefe.

Na ce, "Yaya, ki tambayi ɗanki, wai mene ne aikin nan da ya gagari Faransa?"

Sai can ya ce, "Gwaggo, ki ce wa Baba, cikin tiransistan rediyon da ke hannunsa akwai ɗan dutse. Ba ya tare wuta kamar roba, ba ya sakinta kamar jan ƙarfe, tsakani yake. Nawa ɗan'uwansa ne, bai kai ƙumba ba. Kowace ƙwayar zarra a cikinsa tana da zuciya. Zuciyar nan juyi take kamar mazarinki, kuma ita kanta ɗan maganaɗisu ce. Babu madubin da ke nuna ta."

Lantana ta ce, "Ka jiya, Bawa. Wai mazarina na cikin rediyo."

Na ce ta tambaye shi, abin da ba a gani, ta yaya ake sanin halin da yake ciki.

Ya ce, "Ana sanyaya dutsen, a sa shi tsakanin manyan maganaɗisu, a haska shi da wani haske mai murɗawa gefe ɗaya. Hasken sai ya jera mazaran nan su fuskanci wuri guda, kamar sahu. Dutsen kuma yana fitar da nasa hasken, shi muke aunawa. Daga nan a aika musu igiyar rediyo, ana murɗa mita. In an zo daidai tasu mitar sai sahun ya watse, hasken da ke fitowa ya canja. Da haske ake ganinsu."

Ban san lokacin da na ce, "Kama tasha ke nan!" ba. Na yi sauri na juya. "Yaya, ki ce masa kama tasha ke nan."

Ya ce, "Ki ce masa haka ne."

Sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce ya ga canjin da idonsa, ba sau ɗaya ba, amma yau ya zo, gobe babu. Ranar da babban malaminsu ya tsaya a kansa da baƙi, babu. Ya sake, babu. Wani daga cikinsu ya faɗi wata magana. Bai maimaita mana ita ba. Ya ajiye audugar ya koma ɗaki.

Ni dai na gane aikin nan a zama ɗaya. A rubuta wannan.

Litinin, 15 ga Maris, bayan azahar

Tun da asuba na tafi Gusau da motata fijo. Na dawo da ƙanƙara ƙatuwa cikin buhu da garin katako. Na ciro maganaɗisu biyu daga lasifikar masu wa'azi da aka bar mini, na kwance fitilar wata tsohuwar mota, na fasa tiransista na fitar da ɗan dutsen a kan faranti. Na jera komai a zaure.

Na ce, "Yaya, ki ce masa ga sanyi, ga maganaɗisu, ga haske, ga dutse. Rediyo kuwa shago cike. A nuna mini."

Ya fito ya tsaya yana kallon ƙanƙarar tana ɗiga. Kafaɗarsa ta fara motsi. Na ɗauka kuka ne, na kawar da kai. Ashe dariya ce, har da riƙe bango.

"Gwaggo, ki ce wa Baba sanyin da muke nufi, iskar da muke shaƙa ma daskarewa take a cikinsa."

Lantana ta ce, "To kak ƙanƙarar ta lalace. Kubura, dama mamu hura!"

Ya sha kofi biyu. Na gani ta gefen ido. Kafin ya tashi ya ce, "Na gaske ba zai yiwu a nan ba. Amma in Baba zai naɗa mini koyil, zan nuna masa ƙanensa."

In zan naɗa. Ni!

Laraba, 17 ga Maris, da yamma

Maiwada ya ji labarin ƙanƙara. Ya ce, "Alhaji zai buɗe Faransa bayan tasha, kowa shi zo da bargo." An yi dariya. Na bar shi, lokacinsa na zuwa.

Juma'a, 19 ga Maris, bayan sallar Juma'a

Wani shugaban makarantar sakandare ya zo har gida, yana neman malamin kimiyya. Ɗan Lantana ya ce masa zai fara bayan hutu. Lantana ce ta gaya mini.

Koyarwa ba abin kunya ba ce. Amma ba da wannan fuskar ba, ba da gudu ba.

Litinin, 22 ga Maris, da hantsi

Kwanakin nan a shago muke, shi can, ni nan, Lantana a tsakiya da kaɗinta, tana isar da saƙon sukurdireba da filaya. Jiya ta gaji ta ce, "Ku biyu kurame na? Ga shi ga ka!"

Ga abin da muka haɗa. Guntun sandan maganaɗisu rataye da zaren Lantana cikin gidan tsohuwar rediyo, mun sa gilashi a gaba don iska. A jikinsa mun manna ɓallin madubi daga gwangwanin hodar Kubura. Fitilar motar nan tana haska madubin, madubin yana jefa ɗigon haske a bango. A gefe ga koyil ɗina. Injin waifa, na goge gilashin mota, da batir yana ba koyil wuta yana ɗaukewa, yana bayarwa yana ɗaukewa, da maɓallin da ke ƙara masa gudu ko ragewa. Ya ce sandan shi ne zuciyar zarra, koyil shi ne igiyar rediyo. In bugun koyil ya zo daidai da lilon da sandan ke so, ɗigon haske zai yi ta kai da kawowa a bango. Ba sandan za mu kalla ba, haske za mu kalla. Ya auna lilon da agogonsa ya sa alamar alli a maɓallin.

Koyil ɗin kuwa, ko Turawan dam ba su naɗa irinsa.

Laraba, 24 ga Maris, bayan isha'i

Yau ce ranar. Bari in bi ta daki-daki.

Da safe na gaya wa majalisa su zo shago bayan azahar su ga ilmin haske. Ban shawarci kowa ba. Da ɗan Lantana ya ga mutane suna cire takalma, sai fuskarsa ta koma irin ta ranar da ya sauka. Ya ja baya ya jingina da ƙofa. Ni na kama maɓallin.

Na kai kan alli. Ɗigon ya ɗan yi rawa. Na ƙara gudu, babu. Na rage, babu. Na dawo kan alli, na wuce, na sake dawowa, yadda nake neman tasha a rediyo, hannu ba ya tsayawa. Ɗigon yana nan kamar ƙuda a bango.

Maiwada ya ce, "Alhaji, shi na wanga? Ko sai an kawo ƙanƙara?"

Na ce zaren ne ya yi kauri. Lantana ta ce zarenta ya ɗinke rigar da na yi aure da ita, in nemi wani abin zargi. Aka yi dariya. Na saci kallon ƙofa. Yana kallon ƙasa, na ji ya ce a hankali, "Ko wannan ma." Wallahi da a ce ƙasa za ta buɗe. Ni na tara masa mutane a karo na biyu.

Allah Ya sa aka kira la'asar. Na saki maɓallin a inda yake, kan alli, na ce a tashi. Muka fita duka, muka yi alwala, muka yi salla a masallacin tasha, aka tsaya gaisawa da liman.

Maiwada ne ya fara shiga shago don ɗaukar hularsa. Sai muka ji, "La'ilaha illallahu! Ku zo ku gani!"

Ɗigon haske yana tafiya daga bakin ƙofa har kusurwar da nake rataye waya, ya dawo, ya koma, faɗin bangon nan gaba ɗaya, ba mai taɓa komai.

Ɗan Lantana ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya juyo, ya dube ni, ni, ba Lantana ba.

"Baba, ba ka cire batir ba?"

Na ce, "Ban cire ba." Haka kawai, kai tsaye, a gaban mutane.

"A kan alli ka bar shi, muka tafi?"

"A kan alli."

Ya dafa tebur. Ya ce, "Baba, salla ce. Duk ranar da na ga abin nan a can, na kunna hasken ne na tafi na yi alwala na yi azahar ko la'asar a ɗakin ajiya, na dawo na murɗa mita. Sauran lokuta ina kunnawa nake murɗawa. Littattafai sun ce sahun nan da nan yake jeruwa, amma dutsena ya fi nasu tsabta, ƙila nasa a hankali yake jeruwa. Ranar da malam ya zo, ko numfashi ban bari dutsen ya yi ba."

Maiwada ya ce, "Albarkar salla ta, ba wani abu."

Ya ce, "Jira ne, Baba Maiwada."

Lantana ta ce, "To mi yas sa ka jira in ba ita ba?"

Ya ce bai tabbata ba sai ya gwada. Ni na tabbata. Gaggawar hannun nan tawa ce ya gada, na ganta yau da idona, kuma a shagona aka kama ta. Na juya na ce wa majalisa, "Kun ga ilmin haske ko a ƙara muku?"

Ya ci tuwo kwano guda da rabi.

Alhamis, 25 ga Maris, da safe

Ya je da ƙafarsa ya ba shugaban makarantar nan haƙuri.

Talata, 30 ga Maris, da hantsi

Ya tafi Kano, jirgi gobe. Ban raka shi tasha ba, ba a yi. Na dai sami aikin da ya kai ni bakin tasha daidai lokacin. Ya gaya wa Lantana a kira ɗakin gwajinsu ranar Alhamis, ashirin da biyu ga Afrilu, bayan azahar.

Lahadi, 4 ga Afrilu, da rana

Zafi. An fara yankan alkama.

Asabar, 10 ga Afrilu, bayan azahar

In kuma ba jiran ba ne fa?

Lahadi, 11 ga Afrilu, da safe

Na kunna madubin ni kaɗai, na sa a kan alli, na zauna na harɗe hannuwa. Wuya gare shi, zaman nan. Amma ɗigon ya tashi.

Juma'a, 23 ga Afrilu, bayan magariba

Mun dawo daga Kaduna, can ne ake samun wayar ƙasar waje. Na tafi da Lantana don ita za ta nemi a ba ta ɗanta, da Maiwada don ya ji da kunnensa.

Aka haɗa layi, aka nuna mana ɗan ɗakin waya. Lantana ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo mini. "Wagga ba ta jin Hausa." Ta fice ta tsaya bayan Maiwada tana gyara mayafi. Da gangan ta yi, na san ta.

Wata mata ce ke ta Faransanci. Na ce mata da Turanci ɗana nake nema. Ba ta gane ba. Na ce na Nijeriya. Ta ƙara wani yaren. Na ce mai aikin haske, dogo, baƙi. Ma'aikacin waya yana nuna mini agogo ta gilashi. Na ji matar tana shirin ajiyewa.

Na ce, "Ayuba."

Ta ce, "Eh?"

Na ɗaga murya, duk ofishin suka waiwayo. "Ayuba! Ayuba Bawa!"

Sai na ji ta ajiye kan wayar a tebur, na ji takun gudu.

"Baba? An ce wani yana ta kiran sunana. Kai ne?"

Na ce layin ne ba shi da kyau.

Ya yi dariya. "Ya fito, Baba. A gaban malam. Na kunna haske na jawo masa kujera na ce ya zauna. Ya ce me muke jira, na ce mahaifina ya ce a jira. Na murɗa, hasken ya canja a daidai mitar. Mun sake, ya sake fitowa. Wanda ya yi maganar nan ma yana tsaye."

Na ce, "To, madalla. A riƙa cin abinci." Na miƙa wa Maiwada ya ji sauran.

A hanya Maiwada ya ce to yanzu Daktan ya tabbata ke nan? Na ce sai baɗi in Allah Ya kai mu. Ragon da suka ci somin-taɓi ne, baɗi bijimin sa zan kayar, shi Maiwada kuma zai riƙe ƙafa.

Asabar, 24 ga Afrilu, da hantsi

Lantana ta riga ta baza wa gida. Kubura ta tare ni tana rufe baki da gefen zane, wai da gaske na kira, har sau uku, a gaban jama'a? Na ce wannan a wayar Turai aka yi, ba a Mafara ba, ba ya cikin lissafi.

Wani ya zo neman injin waifa, ya ga wanda muka haɗa da madubin nan ya ce in ciro masa. Na ce duk abin da ke shagon nan na sayarwa ne ban da wannan. Ya ce na wane ne?

Na Ayuba ne.